ADAU1701, ADAU1452, SHARC ko C6748: wane aisi ne zai riƙe maka sautin fili?

Duk mai haɗa kayan sauti ya san akwatin nan da ke zama tsakanin miksa da amfilifaya, wanda yake raba sauti kashi-kashi: na ƙasa ya tafi sab, na tsakiya ya tafi wufa, na sama ya tafi tuwita. A cikinsa akwai aisi guda, wato ɗan guntun lantarki, da ke yin dukkan lissafin, shi ne DSP, mai sarrafa sauti bayan an mayar da shi lambobi. Wanda ya tashi gina irin wannan akwati da hannunsa, ko zai yi odar bod ɗin da aka riga aka haɗa, abin da idonsa ke fara sauka a kai shi ne MHz, wato saurin bugun agogon aisin. A nan ake fara ɓatan kai. Aisi mai MHz 456 yana iya ba ka wahalar da mai MHz 50 ba zai ba ka ba, kuma mai MHz 50 ɗin yana iya gazawa a wurin da gudu ba shi ne matsalar ba.

Aisi huɗu ne suka fi yawo a wannan aiki. Uku na kamfanin Analog Devices ne: ADAU1701, ADAU1452 da ADSP-21489 na dangin SHARC. Na huɗun na Texas Instruments ne, TMS320C6748. Kamfanonin biyu sun daɗe suna goga kafaɗa: TI ta fito da TMS32010 a 1983, Analog Devices ta kawo ADSP-2100 a 1986, shekarar da Motorola ma ta fitar da 56000.

Fara da lissafin samfur ɗaya

Idan ana ɗaukar sauti sau 48,000 a daƙiƙa, kowace ɗauka ita ce samfur, kuma tsakanin samfur ɗaya da na bayansa akwai mikrosakan 20.8 kacal. Duk abin da za a yi wa sautin, tacewa, rabawa, jinkirtawa, dannewa, dole ya ƙare a cikin wannan ɗan taƙi. Saboda haka tambayar ita ce umarni nawa aisin zai iya zartarwa kafin samfur na gaba ya iso.

ADAU1701 yana ba ka umarni 1024. ADAU1452, da ke gudu a MHz 294.912, yana ba ka 6144. SHARC a MHz 400 yana da bugun agogo 8,333, kuma a kowane bugu yana iya ninkawa da tarawa sau biyu, don sassan lissafinsa biyu ne masu aiki tare. C6748 a MHz 456 yana da bugu 9,500, da sassan aiki takwas da za su iya motsi a lokaci guda.

Yanzu a ɗauki akwati mai shiga biyu, fita huɗu. Kurosoba, wato mai raba sautin, irin ta Linkwitz-Riley mai dB 24 tana cin matata biyu na biquad (ƙaramar matatar sauti mai lambobi biyar) a kowane ɓangare, wato takwas ga fita huɗun. A ƙara huɗu don yanke sautin da ya yi ƙasa da abin da wufa ke iya ɗauka. A sa ikwalaiza mai gurbi takwas a kowace shiga, 16 ke nan, da gurbi uku a kowace fita, 12. Jimla matata 40. A kan ADAU1701 kowace matata mai cikakken inganci tana cin umarni kusan 10, wato 400 cikin 1024. Akwai sauran wuri ga limita, mai hana sauti wuce iyaka, da ɗan abin da ba a rasa ba. To amma ka ce kai sai 96,000 a daƙiƙa kake so, nan take kasonka ya koma 512, limitoci ba su da wurin zama. Mutane da yawa suna hawa 96,000 don lambar ta fi girma, su rasa rabin ƙarfin aisin, alhali lasifikar fili ba za ta nuna musu bambancin ba.

Ga wannan aikin, ƙaramin cikinsu ya wadatar, sauran ukun ko gumi ba za su yi ba.

Inda ADAU1701 yake durƙushewa

Ma'ajiya ce. Yana da gurbin ajiye samfur kusan 2,000, wanda a 48,000 bai wuce milisakan 40 da ɗoriya ba, kuma duk fita huɗun ne za su raba shi, har matatun ma suna ɗiba daga ciki.

Me ya sa wannan ke da muhimmanci? A filin wa'azi, ko babban masallaci mai harabar waje, ko zauren biki mai tsawo, ana kafa lasifikoki na biyu can tsakiyar jama'a. Sautin da ya bi waya yana isa gare su nan take, wanda ya biyo iska daga manyan lasifikokin gaba kuwa yana tafiyar mita 343 ne a daƙiƙa. Idan ba a jinkirta na biyun ba, mutumin da ke zaune a wurin zai ji kowace kalma sau biyu, maganar ta dagule. Lasifikar da ke nesan mita 30 tana bukatar jinkirin milisakan 87, samfur kusan 4,200. ADAU1701 ba shi da inda zai ajiye su, ko da an cire komai daga cikinsa. Iyakarsa mita 14 ne a takarda, a aikace ƙasa da haka. Abin da ya iya shi ne daidaita tuwita da wufa a akwati ɗaya, inda tazarar ba ta wuce 'yan santimitoci ba.

ADAU1452 yana da gurbi 40,000 da ɗoriya, jinkirin da ya kai milisakan 800. Ɗan'uwansa ADAU1466 ya ninka wannan. SHARC 21489 yana ɗauke da megabit 5 a cikinsa, kuma mai ƙafa 176 yana karɓar SDRAM ta waje. C6748 kuwa DDR2 ake jona masa, jinkiri ba abin magana ba ne a wurinsa.

Wani ɗan abu da ya shafi ƙasarmu: mita 343 ɗin nan a zafin digiri 20 ne. A digiri 40, irin na Afrilu a Sakkwato ko Maraɗi, sauti yana gudun kusan mita 355, mita 30 ɗin ta koma milisakan 84. Bambancin milisakan 3 ne. Wanda ya saita jinkiri da sanyin asuba lokacin hunturu ya kamata ya sake duba shi da bazara, don haka a bar maɓallin canza jinkiri a gaban akwatin, kada a kulle shi cikin firogiram.

Ɗigo tsayayye da ɗigo mai yawo

ADAU1701 da ADAU1452 suna lissafi da ɗigo tsayayye, wato ɗigon da ke cikin lambar ba ya motsawa daga wurinsa. A 1701 lambar bit 28 ce, biyar kafin ɗigo, 23 bayansa, wato tana iya kaiwa 16 kafin ta cika. Wannan sararin dB 24 ne a saman cikakken sauti. A 1452 bit 32 ne, takwas da 24, sararin dB 42. Idan ka ɗaga bas da dB 12, ka ƙara wani 9 a kusa da shi, sannan ka haɗa hagu da dama zuwa sab, wanda ke iya ƙara 6, ka wuce 24. A 1701 sautin zai yanke a cikin aisin tun kafin ya kai limita, kuma rage murya a amfilifaya ba zai gyara shi ba. Maganinsa a rage sautin a farkon hanya, kafin ikwalaiza, gwargwadon abin da za a ɗaga.

SHARC da C6748 suna da ɗigo mai yawo, wannan damuwar ba ta taso ba. Sai dai akwai wata, wadda ba a cika faɗa ba. Lambar bit 32 mai yawo bit 24 ne kawai ainihin ƙimarta, sauran na nuna girma ne. Matatar da aka saita a Hz 30 ko 40 tana da lambobi masu matuƙar kusanci da 2 da 1, kuma ɗan kuskuren da ake samu wajen datse lamba yana komawa cikin matatar yana ninkuwa. Sakamakon shi ne wani gurnani a ƙasa-ƙasa, ko kuma matatar ta kauce daga inda aka saita ta. Hawa 96,000 yana ƙara tsananta abin. A nan SHARC yana da makami: yana iya lissafi da bit 40, inda ƙimar ta zama bit 32, ba tare da gudunsa ya ragu ba. C6748 yana da bit 64, amma yana cin bugu da yawa. A ADAU1701 kuwa kowace matata tana da zaɓi biyu, na bit 28 ko na 56, kuma duk matatar da ke ƙasa da Hz 200 a ba ta na 56, kada a yi rowar umarni a nan.

A ganina, ga sautin bas kaɗai, bit 56 tsayayye na ƙaramin 1701 ya fi bit 32 mai yawo tsafta. Takardar talla ba za ta gaya maka haka ba.

Wanda ke son FIR

Matatar FIR, wadda ke ninka jerin samfuran baya da jerin lambobi ta tara su, ita ce ke raba yara da manya. Kowace lamba a cikinta ninkawa ɗaya ce a kowane samfur. Mai lambobi 1024 a 48,000 ba ta iya bambance abin da ya fi Hz 47 kusanci, don haka ba ta da amfani wajen gyaran bas. Ana bukatar kamar 4096, wato ninkawa miliyan 196 a daƙiƙa ga layi ɗaya. 1701 ya fita daga zancen. 1452 zai ɗauki matsakaita, irin na gyaran tuwita da wufa. SHARC shi ne gidan abin: bayan ninkawa 16,000 da yake iya yi a kowane samfur, yana da wasu sassa na daban da aka gina don FIR, IIR da FFT, suna aiki a gefe ba tare da sun taɓa babban injin ba. Shi ya sa kamfanin miniDSP, da ya yi ƙaramin akwatinsa 2x4 da ADAU1701, ya koma ADSP-21489 da zai yi 2x4 HD.

Amma a yi hattara. FIR mai lambobi 4096 da ke kiyaye zubin sauti daidai tana jinkirta shi da rabin tsawonta, samfur 2048, kusan milisakan 43. Ga mai sauraron faifai a ɗaki ba komai. Ga mai riƙe da makirufo yana jin muryarsa tana dawo masa a makare, abin yana sarƙe harshe. A aikin kai-tsaye, gajeriyar FIR a sama, biquad a ƙasa.

Akwai wani jinkirin kuma da ke zuwa daga yadda ake ciyar da aisin. SigmaDSP, wato dangin ADAU1701 da ADAU1452, yana aiki samfur bayan samfur. SHARC da C6748 an fi ciyar da su dunƙule-dunƙule, misali samfur 64 a lokaci guda, ana cika wani kwano yayin da ake aikin wani. Dunƙule biyu na 64 milisakan 2.7 ne. Idan aka kai 512 don a samu sauƙin FFT, an haura milisakan 21.

Abin da ke kewaye da aisin

Nan ne ADAU1701 yake rama abin da aka yi masa. A cikinsa akwai ADC biyu masu mayar da sauti lambobi, da DAC huɗu masu mayar da lambobin sauti. Kiristal na MHz 12.288, EEPROM ɗaya, wutar volt 3.3, ƙaramin transisto PNP da ke samar masa 1.8 na ciki, shi ke nan akwati ya tashi. Ƙafafunsa 48 ne a fili, mai hannu da ƙarfen solda mai siririn baki zai iya ɗora shi. Yana da ma ƙafafu huɗu da ke karanta maɓallin murɗawa kai-tsaye, ba sai an sa wani aisi ba.

Kura-kuran da aka fi yi da shi sanannu ne. Shigarsa tana auna kwararar wuta ne, don haka rasistar da ke gabanta ita ke yanke iyakar sautin da zai karɓa: kilo-om 7 tana ba da volt 0.9, kilo-om 18 tana ba da volt 2. Bod da yawa suna zuwa da ta 0.9, a jona su da miksa mai ƙarfi, sauti ya fashe tun daga ƙofa. Fitarsa ma volt 0.9 ce, ƙasa da 1.23 da kayan fili suka saba da shi, sai an ƙara op-amp kafin amfilifaya ta cika. Fitar tana zaune a kan volt 1.5, dole a sa kafasita, kuma lokacin kunnawa tana yin wani "ɗum" da ke iya kashe tuwita. A wurin da ake ɗauke wuta ana komawa janareta, wannan yana faruwa sau da yawa a taro guda, don haka rile mai riƙe fita na daƙiƙa biyu ko uku ba ado ba ne. A kuma sa kafasita a layin tuwita ko da akwai kurosoba a DSP, saboda ranar da firogiram ya ƙi lodi.

Sai batun EEPROM, ma'ajiyar da ke riƙe firogiram ko an kashe wuta, wanda ke sa mutane su ɗauka bod ɗinsu ya mutu. Abin da ka tura daga SigmaStudio, manhajar kwamfuta da ake tsara aikin aisin da ita, yana zama a RAM ne, da an kashe wuta ya tafi. Sai an rubuta shi a EEPROM. Lokacin rubutawa ƙafar WP tana ƙasa, idan an gama a mayar da ita sama, a tabbata SELFBOOT ma tana sama. Idan aka manta WP a ƙasa, aisin ba zai ɗauko komai ba, shiru kawai za ka ji. Wanda kuma zai riƙa canza ikwalaiza daga Arduino ko makamancinsa yayin da sauti ke tafiya, ya bi ta rajistocin safeload guda biyar. Lambobin biquad biyar ne, idan aka rubuta su ɗaya bayan ɗaya, akwai ɗan lokacin da matatar ke ɗauke da rabin tsofaffi rabin sababbi, tana iya yin ƙarar da za ta huda kunne.

Babban raunin 1701 na biyu shi ne agogo. Ba shi da sashen da ke daidaita saurin samfur na waje da nasa. Idan aka jona masa bod ɗin Bluetooth ko na USB ta I2S, kowanne da nasa kiristal, agogunan biyu za su riƙa zamewa, a riƙa jin "ƙas, ƙas" lokaci-lokaci. Dole ɗaya ya ba ɗaya agogo. ADAU1452 yana da irin wannan sashe guda takwas masu layi bibbiyu, da S/PDIF a ciki, kowa ya zo da agogonsa a karɓe shi. Kuɗin da za ka biya shi ne ba shi da ADC ko DAC na sauti ko ɗaya, sai ka haɗa shi da wani aisi irin AD1938 mai shiga huɗu da fita takwas. Ƙafafunsa 72 kuma a ƙarƙashin gefensa suke, da faranti a tsakiya da dole ya manne da bod, aikin iska mai zafi ne.

A duba iyakar zafi ma. ADAU1701 an yi shi ne don digiri 0 zuwa 70. Cikin rak ɗin ƙarfe, a saman amfilifaya, a rumfar kwano da azahar, ba a yi nisa da wannan ba. Tagwayensa ADAU1401, da aka yi don motoci, yana jure har 105, kuma aikinsu ɗaya.

C6748 wani dawa ne daban. Ƙwallayen dalma 361 ne a ƙarƙashinsa, yana son bod mai hawa da yawa, da wuta kala uku masu tashi bi da bi, kuma MHz 456 ɗin sai an ba cikinsa volt 1.3. Ba abin haɗawa a teburin shago ba ne, bod ɗin LCDK na TI ake saya a gina a kai. Sassansa takwas ma ba sa cika da kansu. Kwamfaila ce ke jera umarnin, kuma idan madaukin da ka rubuta yana kiran wani aiki a cikinsa, ko ba ka nuna mata da kalmar restrict cewa ma'ajiyoyin biyu ba sa haɗuwa ba, sai ta koma tafiya ɗaya-ɗaya, injin mai sassa takwas ya zama mai guda. Ga kuma rikicin kesh, ƙaramar ma'ajiya mai sauri da ke kusa da injin: EDMA, sashen da ke kwasar bayanai da kansa, ta zuba sabon sauti a DDR, injin yana karanta tsohon da ya rage a kesh, sai a ji sauti yana maimaituwa ko yana tsinkewa. Ko dai a riƙa share kesh kafin kowane karatu, ko a ajiye kwanukan sautin a L2 mai kilobait 256. Inda yake haskawa shi ne aikin da ya wuce tace sauti: yana ninka lambobi masu bit 16 har takwas a bugu ɗaya, yana da Ethernet, USB da SATA, ga ɗan'uwansa OMAP-L138 mai ARM9 a gefe don Linux.

Kayan aiki ma suna cikin farashi. SigmaStudio kyauta ne, ana jan akwatuna ana haɗa su da layi, ba a rubuta ko layi ɗaya na C. Abin turawa shi ne USBi, wasu kuma suna amfani da ƙaramin bod mai CY7C68013A a madadinsa. Code Composer Studio na TI ya zama kyauta tun fitowa ta 7. CrossCore Embedded Studio na SHARC kuwa lasisinsa na kuɗi ne, ga na'urar ICE-1000 da za a saya daban. Ga kamfani ba komai ba ne, ga mai gina akwati biyar a shekara yana iya fin kuɗin aisin nesa ba kusa ba.

Baƙon da ya shigo kasuwar

STM32H743 ba DSP ba ne a suna, amma Cortex-M7 ɗinsa a MHz 480 yana da bugu 10,000 a kowane samfur, da ɗigo mai yawo har na bit 64, da megabait ɗaya na RAM, ga laburaren CMSIS-DSP kyauta. Ba shi da madauki mara asara da ma'ajiya mai zagayawa da kanta irin na DSP na gaske, don haka a FIR mai tsawo SHARC ya bar shi a baya. Amma matata 40 da jinkirin milisakan 87, tare da allo da USB a aisi ɗaya, yana yin su ba tare da kuka ba. Tarkonsa guda biyu ne: DMA1 da DMA2 ba sa ganin ma'ajiyar DTCM, kuma rikicin kesh ɗin nan na C6748 yana nan shi ma.

Masu haɗa inbata kada su ɗauki ko ɗaya daga cikin waɗannan. Kalmar DSP da ake rubutawa a katin inbata wani dangi take nufi, irin dsPIC30F2010 na Microchip mai MIPS 30 da volt 5, ko TMS320F28335 na TI mai MHz 150. A can abin dubawa shi ne PWM, da saurin ADC, da ƙafar da ke kashe MOSFET da kanta idan wuta ta yi yawa ba tare da jiran firogiram ba. ADC na F28335 volt 3 ne iyakarsa, wanda ya ɗauko da'irar awo ta dsPIC mai volt 5 ya jona masa kai-tsaye zai ƙona shi.

Idan aka dawo kan sauti, ga yadda nake raba su. Akwatin lasifika mai amfilifaya a ciki, shiga biyu fita huɗu, ba nisa: ADAU1701, ko 1401 idan wurin da zafi. Da zarar an ambaci lasifikokin tsakiyar fili, ko fita ta wuce huɗu, ko za a haɗa Bluetooth da S/PDIF, a tsallaka zuwa 1452 ko 1466, kada a tsaya matse ƙaramin. SHARC sai in FIR mai tsawo ce ainihin abin da ake sayarwa, kuma akwai mai rubuta C da kuɗin lasisi. C6748 kuwa ban ga dalilin ɗaukarsa don kurosoba kaɗai ba, sai dai in aikin ya haɗa da naɗar sauti a faifai ko tura shi ta Ethernet.